Mai Sabuwar Haja, Ina Iyakar Fata, Ina Mafarin Ƙarya?

Duk wanda ya taɓa fara haɗa wani abu domin sayarwa, sabulu ne, ko garin kunun yara, ko manhajar waya, ya san matsatsin da ake shiga a farkon tafiya. Haja ba ta gama nuna ba, kuɗin da za su nunar da ita kuma suna aljihun mutanen da ba za su fitar ba sai sun ga ta nuna. Mai saye yana cewa kawo in gani, mai kaya yana cewa biya in kawo. A nan ne bakin mai sabon kamfani yake soma riga hannunsa, ya riƙa faɗin abin da yake fatan samu kamar ya riga ya samu. Tambayar da nake so mu duba tare, ya kai mai karatu, ita ce: a ina fata yake ƙarewa, a ina ƙarya take somawa?

Wannan ba tambayar masu zaman banza ba ce. A yau matasanmu a Yamai da Maraɗi da Damagaram suna ta buɗe ƙananan kamfanoni, kuma da yawa daga shawarwarin da suke sha ta waya daga Amurka suka fito. Ana ce musu kada su jira kaya ya kammala, su fitar da shi haka nan su gyara daga baya. Ana kuma ce musu su nuna kamar sun isa, har ranar da za su isa da gaske. Shawara ta farko tana da amfani ƙwarai, ta biyun kuwa ta kai mutane kurkuku, amma a ƙwarya ɗaya ake miƙo su. Saboda haka gara mu je can inda shawarar ta fito mu ga abin da ta haifa, tunda gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A shekarar 1999 wani matashi mai suna Nick Swinmurn, a yankin San Faransisko, ya so ya gane ko mutane za su yarda su sayi takalmi ta intanet ba tare da sun gwada a ƙafa ba. Ba shi da sito, ba shi da takalman sayarwa. Sai ya bi shagunan takalma na kusa da shi ya nemi izinin ɗaukar hotuna, ya ɗora su a shafinsa. Idan wani ya zaɓa ya biya, sai ya koma shagon ya saya a kan cikakken farashi ya aika masa. Babu wata riba a ciki, amma ya samu amsar tambayarsa da kuɗi kaɗan. Wannan shafi shi ne ya zama Zappos, wanda kamfanin Amazon ya saye a 2009 a kan kimanin dala biliyan 1.2, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba.

A 2003, a jihar Kaliforniya ɗin dai, Elizabeth Holmes tana da shekara 19 ta kafa kamfanin da daga baya aka sani da Theranos. Alkawarinta mai daɗin ji ne: da ɗigon jini kaɗan daga ɗan yatsa za a yi wa mutum gwaje-gwaje sama da 200, babu allura a jijiya, babu tsada. Masu zuba jari suka ba ta sama da dala miliyan 700, a 2014 aka ƙiyasta darajar kamfanin dala biliyan 9. Tun daga 2013 aka soma ɗiban jinin mutane a kantunan magani na Walgreens, mafi yawa a jihar Arizona. Abin da ba a gaya musu ba shi ne, na'urar kamfanin, wadda aka raɗa wa suna Edison, gwaje-gwaje ƙalilan take iya yi, su ma sakamakonsu ba abin dogaro ba ne. Sauran a ɓoye ake yin su da injinan wasu kamfanoni irin su Siemens, har ana sirka jinin domin ya ishi injin. A watan Oktoba na 2015 ɗan jarida John Carreyrou na Wall Street Journal ya tona asirin. A 2016 kamfanin ya soke sakamakon gwaje-gwajen shekara biyu da aka yi da Edison, a 2018 ya rufe, a 2022 kuma kotu ta sami Holmes da laifin damfarar masu zuba jari, ta ɗaure ta shekara 11 da wata uku.

To, a duba da kyau. Swinmurn ya nuna takalman da ba nasa ba, Holmes ta yi aiki da injinan da ba nata ba. Dukansu sun sa labule tsakanin mai saye da abin da ke faruwa a ciki. Me ya sa ake koyar da labarin ɗaya a matsayin dabara, ake karanta na ɗayar a takardar shari'a? Wani zai ce ai don ɗaya ya ci nasara ne ɗaya ta faɗi, da Edison ta yi aiki daga baya da yanzu yabon Holmes ake yi. Ban yarda da wannan ba. Idan sakamako ne kaɗai ke raba gaskiya da ƙarya, to wanda ya saci kuɗin mutane ya buga caca, ya ci, ya mayar, ya zama mai amana ke nan.

Bambancin, a nawa gani, yana cikin tambayoyi biyu. Ta farko: abin da aka ɓoye, da mai saye ya sani, zai fasa saye? Wanda ya biya kuɗin baƙin takalmi lamba 42, ya kuma samu baƙin takalmi lamba 42, babu ruwansa da inda takalmin ya kwana, a sito ne ko a shagon maƙwabci. Wanda ya miƙa yatsa kuwa, da ya san na'urar ba ta da tabbas da bai miƙa ba, wanda kuma ya zuba jari saboda na'urar, da ya san injin wani ke aikin da bai zuba ba. Ta biyu: idan abin bai yi ba, wa zai ɗauki asarar? Swinmurn da aljihunsa ya yi gwaji. Holmes da jikin mutane da dukiyarsu ta yi nata. Gwajin da za ka yi a kan kanka kana da ikon yin sa. Wanda za ka yi a kan wani, sai ka gaya masa gwaji ne, ya yarda da bakinsa.

Daga nan shawarata ta farko take fitowa, kuma harshenmu ya sauƙaƙa ta. Bahaushe ya raba "mun yi" da "muna yi" da "za mu yi". Mafi yawan ƙaryar mai sabon kamfani ɗauko magana ce daga ɗakin "za mu yi" a kai ta ɗakin "mun yi". Mai haɗa sabulun da sau ɗaya tak ya yi magana da wani babban kanti sai ka ji yana cewa muna kai musu kaya. Mai manhajar da, a ce, mutum 500 suka sauke amma 20 ke amfani da ita, sai ya ce yana da abokan ciniki 500. Kafin ka je gaban mai saye ko mai jari, ɗauki takarda ka raba ta gida uku, ka sa kowace magana a gidanta. Faɗi burinka da ƙarfi yadda kake so, babu laifi, muddin ka bar "za" a wurinta. Haka Drew Houston na Dropbox ya yi a 2008. Ya fitar da ɗan bidiyo na ƴan mintuna yana nuna yadda manhajarsa ta ajiyar bayanai take aiki, ya ce masu so su rubuta sunansu su jira. A dare ɗaya, kamar yadda shi ya ba da labari, masu jira suka tashi daga 5,000 zuwa 75,000. Kowa ya san layi ya shiga, kuma ba a karɓi kuɗin kowa ba.

Sai dai ba kowane mai saɓa alkawari ne maƙaryaci ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro, domin shi ya fi kusa da mutanen kirki. A 2014 wani mai ƙirƙira a birnin Portland na jihar Oregon, Ryan Grepper, ya nuna samfurin wata kular sanyaya abin sha mai haɗe da injin markaɗe da sifika da wurin cajin waya, ya sa mata suna Coolest Cooler. Ya nemi dala 50,000 a Kickstarter, shafin da mutane ke biya tun kafin a ƙera kaya. Sai mutum sama da 62,000 suka zubo masa fiye da dala miliyan 13, yawanci a kan dala 185 kowace kula. Kowa ya ce ya tsinci dami a kala. Ashe kuɗin ƙera kular da aika ta sun fi abin da ya karɓa, wato kowane sabon mai saye ƙarin zurfin rami ne. Ya koma sayar da ita a Amazon a kan dala 499 ga sababbin mutane alhali waɗanda suka fara yarda da shi suna jira, daga baya kuma ya nemi masu jiran su ƙara dala 97 in suna son tasu da wuri. A ƙarshen 2019 kamfanin ya rufe, mutum kimanin 20,000 ba su ga kularsu ba.

Dubban mutane sun samu tasu, saboda haka ban ɗauke shi a matsayin wanda ya shirya cuta tun farko ba. Amma mu da muka san tela a goman ƙarshe na azumi ba ma bukatar a fassara mana wannan labari. Tela ba ya karɓar shadda da niyyar hana ka sa sabon kaya ranar salla. Yana karɓa ne saboda kunyar cewa ba zan iya ba, da gudun kada kuɗin su tafi shagon gaba, da fatan wuta ba za ta ɗauke ba. Ranar idi, yaron da ke kuka a ƙofar shago bai san wata niyya ba, ya dai san babu riga. Kyakkyawar niyya tana iya wanke mutum daga sunan ɓarawo, amma ba ta ɗauke masa laifin yin alkawari a kan abin da bai lissafa ba. Rashin lissafi, idan da kuɗin mutane ake yin sa, ya wuce sakaci ya zama ɗaukar hakki.

Shawara ta biyu ke nan: kafin ka yanke farashi, ka san nawa guda ɗaya take ci maka tun daga kayan haɗi har ta shiga hannun mai saye. Sa kuɗin roba ko kwali, da na mota, da abin da zai lalace a hanya, da wanda za a dawo maka da shi, da ladan hannunka kai kanka. Kada ka dogara da lissafin guda goma da ka haɗa a tsakar gida, domin guda dubu tana neman ma'aikata da haya da wuta. Sannan ka san iyakar abin da za ka iya fitarwa a mako, ka rufe ƙofa idan an kai wurin. Da Grepper ya sa wa zagayen farko iyaka, da ya gano ramin da ke cikin farashinsa tun yana ƙarami. Ka ce wa mutum kaya sun ƙare sai wata mai zuwa, zai ji haushi ya dawo. Ka ce masa gobe sau goma, ba zai dawo ba, kuma ba zai tafi shi kaɗai ba.

Ta uku ta shafi kuɗin da aka biya ka kafin ka kawo kaya. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayanin cinikin salam, inda ake biya yanzu a karɓi kaya daga baya, kamar yadda mutanen Madina suke yi da dabino. An halatta shi saboda manomi da mai sana'a suna bukatar jari, amma an ɗaure shi da sharuɗɗa: a san irin kayan da siffarsa, a san awo ko nauyi, a san ranar bayarwa. Abin da na fahimta a ciki shi ne, an yarda ka sayar da abin da bai zo hannunka ba tukuna, amma ba a yarda ka bar mai saye cikin duhu ba. Ko wanda ba Musulmi ba zai amfana da wannan tsari. Rubuta wa mai saye abin da zai samu, da ranar da zai samu, da abin da zai faru idan ranar ta wuce. Kuɗinsa kuma ka ware su, domin har yanzu bashi ne a wuyanka. Ranar da ka soma yi wa Audu kaya da kuɗin Garba, kana jiran na Tanko ka sallami Garba, ka shiga ramin da sabon mai saye ne kaɗai ke hana shi rufta maka.

Ta huɗu: tun kana ƙarami, je da ƙafarka wurin masu saye. A 2009, lokacin da Airbnb, shafin ba matafiya hayar ɗaki, yake fama da ƙarancin ciniki, Paul Graham, mai rainon sababbin kamfanoni a Y Combinator, ya shawarci waɗanda suka kafa shi su tashi daga Kaliforniya su je birnin Niyok inda masu amfani da shi suka fi yawa. Brian Chesky da Joe Gebbia suka je, suka bi gida-gida da kyamara, suna ɗaukar hotunan ɗakuna da kansu, suna jin koken masu gida. An fi ba da wannan labari a matsayin dabarar talla. Ni ina ganin amfaninsa ta wani gefe. Da wuya ka yaudari mutumin da ka sha ruwan gidansa, da wuya kuma ka yaudari kanka bayan ka ga hajarka a hannunsa ta kasa yin abin da ka ce. Mutum goma da ka san sunansu, suka saya suka dawo suka sake saye, sun fi mabiya dubu goma a Facebook gaya maka gaskiya. Wannan adadi na masu dawowa shi za ka riƙa dubawa kowane mako. Idan ba sa dawowa, ƙara kuɗin talla zuba ruwa ne a rariya.

Ta biyar ta shafi masu jarinka. A Amurka mai zuba jari a sababbin kamfanoni ya san yawancinsu faɗuwa suke yi, shi ya sa yake rarraba kuɗinsa wurare da yawa. A wurinmu jarin farko sau da yawa na uwa ne da ta sayar da tunkiyarta, ko kawu, ko yayan da ke aiko kuɗi daga Kumasi ko Abijan, ko kwasar adashe. Waɗannan ba hajar suka tantance ba, kai suka sani, kuma wannan ya sa hakkinsu ya fi nauyi. Gaya musu tun farko cewa kuɗin na iya salwanta. Ku tantance rance ne ko tarayya, in tarayya ce kashi nawa, a rubuta a gaban shaidu, domin zumunci ya fi saurin tsinkewa a kan maganar da kowa ya tuna ta daban. Sannan kowane wata ka ba su labari, mai daɗi da marar daɗi, kafin su tambaya. Haka nan ma'aikacin da ya zo maka da labarin da ba ka so, riƙe shi hannu bibbiyu. A Theranos wasu matasan ma'aikata, Tyler Shultz da Erika Cheung, sun nuna cewa sakamakon gwaji ba ya fita daidai. Maimakon a saurare su sai aka bi su da lauyoyi.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce malam, wannan magana ta mai ƙoshi ce. Maƙwabcina yana rantsuwa man shafawarsa na maganin komai, mutane na yi masa layi, ni kuma in tsaya ina cewa nawa gwaji ne? Kafin gaskiyata ta yi mini rana yunwa ta gama da ni. Wannan ƙorafi ba banza ba ne, kuma ba zan yi alkawarin cewa mai gaskiya kullum shi ke cin kasuwa ba. Akwai maƙaryatan da suka gina benaye, akwai masu amanar da suka rufe shago. Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, ƙarya bashi ce mai ruwa, kowace ɗaya sai an ciyar da ita da wata, kuma tana toshe hanyar gyara, tunda ba za ka iya neman taimako a kan matsalar da ka rantse babu ita ba. Na biyu, ko da ƙarya za ta ci riba har abada, tambayarmu ba ta riba ba ce kaɗai. Mutumin da ya ba ka jikka biyar a kan abin da bai gani ba, abu biyu ya ba ka, kuɗi da yarda. Kuɗin kana iya mayarwa. Yardar kuwa idan ka ci ta, har da rabon duk matashin da zai zo bayanka da sabuwar haja a garin nan ka ci, domin gobe ce masa za a yi, mun ga irinku.

Kada kuma a fahimce ni a baibai. Ba cewa nake a zauna sai haja ta zama babu aibi ba. Akwai masu shekara uku a ɗaki suna goge abu ɗaya, suna kiran tsoronsu da sunan inganci, alhali jarin mutane yana narkewa. Wannan ma cin amana ne ta wata ƙofa. Kasuwa ce kaɗai za ta gaya maka ko ana son abinka, kuma amsarta ta fi araha idan ka tambaya da wuri. Fitar da hajarka, ka faɗi inda ta tsaya. Iyaka dai ka auna abin da kuskure zai jawo. Manhajar wasa idan ta tsaya, dariya za a yi. Garin kunun jarirai, da man shafawa, da manhajar da ke riƙe kuɗin mutane, ba a fitar da su sai an tabbatar ba sa cutarwa, an kuma bi ta hannun hukumar da ke da alhakin dubawa.

Amsar da na tsaya a kai ita ce, fata yana ƙarewa a inda ka daina ce wa mutum ina fata ka soma ce masa na tabbata, kana sane ba ka tabbata ba, kuma asarar a kansa za ta sauka. Mai sayenka na farko ba wawa ba ne. Sau da yawa ya san kai sabo ne, ya san hannunka bai gama faɗawa ba, ya dai zaɓi ya ƙarfafa maka. Gaya masa abin da hajar ke yi da abin da ba ta yi tukuna, ka sassauta masa farashi saboda haƙurinsa, ka amsa wayarsa ranar da ta ba shi matsala. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, mai hankali kuwa yakan ɗaga kaya ya ji nauyinsa kafin ya ce a aza masa. Allah ya ba mu ciniki mai albarka.